Haɗari na Talatin da Takwas

Goma Cif ake ce masa, kuma shi ya jawo wa kansa sunan. Duk wanda ya yi kuskuren ce masa ya yi hankali da wani abu, sai ya ajiye abin da ke hannunsa, ya ware yatsunsa a gaban fuskar mutum ya ce, "Ƙirga. Goma cif. Shekara talatin da ɗaya ina wannan aiki, ko farce ban bari a ƙasa ba." Tun ana dariya har aka gaji, sunan kuwa ya zauna daram, har ta kai katin aikinsa ne kaɗai ya san sunansa na ainihi.

Shi ne mai gyara a wata makaranta da ake koya wa mutane yadda za su kiyaye lafiyar ma'aikata a wuraren aiki. Fanka ta tsaya, a kira shi. Famfo na ɗiga, a kira shi. Da gyaran rediyo ya fara a wajen kawunsa, ya yi shekara huɗu a garejin mota, ya yi biyu wajen masu walda, kuma ko'ina da faɗa ya baro, domin a faɗarsa bai taɓa haɗuwa da maigidan da ya fi shi sanin aiki ba. Da ya samu wannan makaranta sai ya zauna, saboda an ba shi ɗaki nasa shi kaɗai a ƙarƙashin matattakalar bene, kuma babu mai leƙa shi.

To, ɗakin nan shi ne abin kallo. A sama malamai na ta fama da ɗalibai a kan kada a bar waya a ƙasa, kada a ajiye mai kusa da wuta, ga shi a ƙarƙashin ƙafafunsu akwai ɗakin da ya tattara duk abin da suke hanawa, har da wanda bai zo musu a rai ba. Da shigarka akwai ƙusa a jikin ƙofa daidai goshi. Taku uku, ga waya ta ratsa ɗakin daga bango zuwa bango. Durowa ta uku a buɗe take tun zamanin shugaban makaranta na farko. Tsaninsa ba shi da mataki na huɗu. Akwai tsohon firji da ke jan mutum in ya taɓa shi da jiƙaƙƙen hannu. Robar ruwan shansa da robar kananzir iri ɗaya ne, a kan kanta ɗaya suke, ɗaya an ɗaura mata tsumma a wuya. Ko ta shan ce mai tsumman, ko ta kananzir ɗin, shi kaɗai ya sani. Tukunyar kashe gobara kuwa tana nan lafiya lau, da ita yake tokare taga.

Shi bai ga abin damuwa ba, domin jikinsa ya haddace ɗakin. Yana shiga zai sunkuyar da kai, ya ɗaga ƙafar dama a taku na uku, ya shafi buɗaɗɗiyar durowar da gwiwa, ya juya hagu, taku biyu, ga shi a gaban teburinsa. In ka gan shi daga nesa sai ka ce wata rawa yake yi.

Wata rana Malama, wadda ke koyar da auna haɗari, ta sauko aron sukundireba. Ta tsaya a bakin ƙofa ta yi salati. Can kuma sai fuskarta ta washe. Shekara da shekaru tana zana haɗari a allo, tana nuna wa ɗalibai hotuna, ashe ga shi nan da ransa a ƙarƙashin ajinta. Tun daga ranar, duk ƙarshen zango sai ta sauko da ɗalibanta, kowa da fom a hannu. Fom ɗin gida biyar ne: mene ne haɗarin, wa zai iya cutuwa, yaya yiwuwar faruwarsa, yaya muninsa in ya faru, sannan me za a yi a kai. A ba su rabin awa, kowa ya rubuta abin da idonsa ya gano.

Da farko Goma Cif ya ji haushi, har ya yi kwana uku ba ya gaida Malama. Amma da ya ga yadda ɗalibai ke zufa suna zazzare ido, kuma mafi ƙwazonsu bai wuce gano ashirin da uku ba, sai abin ya koma masa abin alfahari. Ya riƙa zama a kan akwatin kayan aiki, ya harɗe ƙafa, yana yi musu tsiya. "Kai mai dogon wuya, kana tsaye a kan guda biyu yanzu haka." Ko kuma, "Ke, goma sha ɗaya kawai? Je ki ki sake shigowa." Takardun kuwa Malama ta ba su maki ta zuba a kwali, babu wanda ya taɓa ce masa ya cire ko ƙusa ɗaya. Ita ma, a faɗi gaskiya, ba ta so a gyara, don in aka gyara ina za ta kai ɗalibai?

Da haka abin ya tsaya, da labarin dariya ne zalla. Amma shekara biyu ke nan idanun Goma Cif suna dushewa. Da farko ƙananan rubutu ne suka ɓace masa, sannan fuskokin mutane suka zama kamar ana hango su ta gilashin da ya yi raɓa. Bai gaya wa kowa ba. Ya san dokar wurin sarai, ya ga yadda aka yi wa direban makarantar: likita ya rubuta layi biyu, aka yi masa ɗan taro, aka tafa masa, ya tafi gida. Shi kuwa in aka raba shi da ɗakin nan, bai san wane ne shi ba. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, kuma ya gwammace a kama shi da kowane laifi da a kama shi da wannan. Sai ya ƙara riƙe ɗakin da kyau. Tun da komai na inda ya bar shi shekara da shekaru, hannunsa na samun sifana ba sai ido ya taya shi ba. Mutane kuma da murya yake gane su, wanda bai yi magana ba ya ce masa "ranka ya daɗe", wannan ba ta ɓata wa kowa rai.

A gida ne dabarar ba ta ci sosai. Wata safiya ya fito zai tafi aiki, matarsa ta dube shi daga sama har ƙasa ta ce, "Baban Auta, yau kuma takalman ne suka yi faɗa? Ɗaya baƙi, ɗaya ruwan ƙasa."

"Haka ake yayi yanzu," in ji shi.

"To, Allah ya kyauta. Jiya ma yayi ne ya sa ka zuba shayi a gefen kofi?"

"Kofin ne ya matsa."

Ta yi dariya, amma da ya fita ta daɗe tsaye a bakin ƙofa. Ta yi masa maganar asibiti sau uku, sau ukun yana tashi ya bar mata ɗakin.

Autar tasu, wadda ita kaɗai ta rage a gabansu cikin 'ya'ya biyar, a wannan shekarar ta shiga makarantar da uban ke aiki. Shi da kansa ya karɓo mata fom ɗin shiga, yana ta baza labari cewa 'yarsa za ta zama jami'ar kiyaye lafiyar ma'aikata, mai hular kwano da takalmin ƙarfe. Bai tsaya ya yi lissafin cewa ƙarshen zango zai zo ba, kuma za a sauko da ita ɗakinsa da fom a hannu. Ga Auta da ido kamar na uwarta, ga shi ta san ɗakin tun tana rarrafe.

Saura mako guda sai Malama ta sauko da labari. Bana jarrabawar ba irin ta da ba ce, za a turo baƙo daga waje ya sa ido, shi ma zai duba takardun. Ta ce, "Don Allah kada ka taɓa komai, a bar ɗakin yadda yake."

"Ni da taɓawa? Malama, ko ƙura ba zan share ba."

Ranar da yamma, suna komawa gida shi da Auta, yana riƙe da gefen jakarta wai don kada a fizge, sai ya yi gyaran murya.

"Auta, jarrabawar nan. Ki rubuta waya, ki rubuta tsani, ki rubuta firji. Akwai ma wasu biyu a bayan kwalaye da babu wanda ya taɓa ganowa, zan nuna miki."

"Baba, ai satar amsa ke nan."

"Satar me? Ɗakin ubanki ne, gado ne. Abin da nake cewa, abin ɗaki ki rubuta. Abin gida kuma a bar shi a gida."

Suka zo tsallaka titi. Ita ce ta ɗan ja shi baya lokacin da wani mai keke ya wuce, ta yi kamar jakarta take gyarawa.

"Baba, Malama ta ce ba kaya kaɗai ake dubawa ba. A dubi aikin, a dubi mai yin aikin."

"Malama ce ta haife ki?"

"A'a."

"To."

A ganinsa magana ta ƙare ke nan.

Ranar jarrabawa ya zo da sassafe cikin wankakkiyar rigar aiki, takalma kuma matarsa ce ta zaɓa ta ajiye masa a bakin ƙofa. Ƙarfe goma aka sauko. Ɗalibai goma sha biyu, Malama, da baƙon, wani gajeren mutum mai kauri, mai farar hular kwano, wanda ba ya son magana. Ya dubi ɗakin, ya dubi Malama, ya ce, "Ku kuka shirya wannan?"

"Haka Allah ya ba mu shi," in ji ta.

Aka fara. Mintunan farko suka tafi yadda aka saba. Ƙusar ƙofa ta cire wa mai dogon wuya na bana hula. Wata ta buɗe robar mai tsumma ta sansana, ta yi ta tari. Goma Cif na kan akwatinsa yana raba tsiya, har ya fara jin daɗi. Abin da bai sani ba shi ne, ɗakin ya yi zafi, baƙon ya cire hularsa ya kifa ta a kan doguwar tukunyar gas da ke kusa da teburi, ya koma bakin taga yana shan iska. Sannan wata ɗaliba mai tsafta, wadda ta kasa jure ganin durowa a buɗe, ta sa ƙafa ta tura ta ciki.

Daga bakin taga baƙon ya ce, "Mai ɗaki, zo ka nuna mini inda kake kashe injin wasa wuƙan nan in wani abu ya faru."

Ɗakin ƙarami ne, murya na yawo a cikinsa. Goma Cif ya miƙe da ƙarfinsa, ya ɗaga ƙafa ya tsallake waya, ya miƙa gwiwa neman durowa, babu durowa. Bai san ko ya kai wurin juyawa ba ko da saura. Ya ƙara taku ɗaya, ya juya hagu, sai ya hango wani gajere mai kauri da farar hula tsaye a gabansa. Ya ji sanyi a ransa. Ya gyara tsayuwa, ya haɗa hannuwa a baya.

"Ranka ya daɗe, wannan inji ni na haɗa shi da hannuna. Ba ya buƙatar makashi. In ya yi gardama, waya nake fizgewa daga bango. Shekara goma sha tara bai taɓa cizon kowa ba, sai wani mai shara, shi ma shi ya tsokane shi."

Gajeren bai ce uffan ba. Goma Cif ya ɗauka bai gamsu ba ne, sai ya ƙara matsowa, ya yi masa bayanin tsani, ya yi na firji, har ya ɗan dafa masa kafaɗa don a saba. Sai ya ji kafaɗar da sanyi, ga tauri.

Sai dariya ta ɓarke a ɗakin. Mai dogon wuya har da riƙe ciki. Goma Cif kuwa, a ba shi abinsa, ba ya rasa ta cewa. Ya ƙwanƙwasa tukunyar da yatsa ya ce, "Na ga ita ce mai hula, na ce bari in fara da babba." Aka sake kecewa. Baƙon ma ya murmusa, ya zo ya ɗauki hularsa yana girgiza kai, ya ce wa Malama, "Mutumin nan naku ɗan wasa ne."

Goma Cif ya kasa kunne cikin dariyar yana neman wata murya da ya sani. Bai ji ta ba. Abin da ya ji daga kusurwar da Auta ke tsaye shi ne ƙarar biro a kan takarda.

Bayan azahar, ya kusa tashi, Malama ta sauko ita da Auta. Ya gane su da takunsu. Malama ta ce, "Albishirinka. 'Yarka ta gano talatin da takwas. Baƙo ya ce bai taɓa ganin takarda irin tata ba."

"Jinina ce," in ji shi, amma muryar ba ta fito da ƙarfi ba.

"Sai dai akwai ƙa'ida. Takardar da ta fi kowacce ba kwali za ta shiga ba, ofishin shugaba za a kai ta a yi aiki da ita. Kuma ba ta zama takarda sai mai kula da wurin ya karanta ya sa hannu. In babu sa hannunka, kamar ba ta rubuta ba ne, sai ta maimaita zangon." Ta miƙa masa. "Ni zan jira a waje."

Ya karɓi takardun, shafi huɗu. Ya riƙe su nesa, ya matso da su kusa, ya gyaɗa kai kamar mai nazari.

"Rubutunki ƙanana ne. Tun kina firamare nake gaya miki."

"In karanta maka, Baba?"

"Karanta. Don in ji ko kin iya karatu."

Ta fara daga ƙusa. Yana ji yana musu. Waya ba ta kai wannan makin ba. Firji ƙazafi aka yi masa. Da ta zo kan biyun nan na bayan kwalaye, waɗanda bai nuna mata ba, ya ce "A'a!" don daɗi, ya manta da kansa. Ta karanta talatin da bakwai, ta tsaya.

"Ci gaba," in ji shi.

"Na talatin da takwas. Mai aikin ɗakin ba ya gani sosai, da haddar wuri yake aiki, kuma yana kunna inji mai kaifi shi kaɗai. Yiwuwar faruwa, biyar cikin biyar. Muni, biyar cikin biyar."

"Maki cikakke ke nan. Na gode."

"Wanda zai iya cutuwa..." Ta ɗago kai daga takardar. "Nan Malama ta cire mini maki ɗaya. Ta ce 'ma'aikaci' ake rubutawa. Ni na rubuta 'Babana'."

Haushi ne ya fara zuwa, don ya roƙe ta kuma ta ƙi. Amma haushin bai samu wurin zama ba, kunya ta ture shi.

"Saura gida na biyar," in ji ta. "Abin da za a yi. A kai shi asibitin ido cikin makon nan, domin sau da yawa yanar ido ce, kuma ana cire ta. A kulle injin har likita ya yi magana. A ƙara fitila uku. A gyara ɗakin, amma da shi za a gyara, abu ɗaya bayan ɗaya, kada kowa ya matsar da komai bai sani ba. Kafin nan a ba shi aikin zaune, ya riƙa koya wa ɗalibai gano haɗari, don babu wanda ya kai shi saninsu."

"In kuma likita ya rubuta layi biyu fa?"

"Ban sani ba, Baba. Wallahi ban sani ba. Shugaba zai iya bin abin da na rubuta, zai iya ƙin bi." Ta mayar masa da takardun. "In ba ka so, kada ka sa hannu. Zan maimaita zangon. Amma in an sake kawo ni, shi zan sake rubutawa."

Ya zauna a kan akwatinsa. Daga sama ana jin ana jan kujeru, ɗalibai na tashi. Shekara biyu yana ɗauke da abin nan shi kaɗai, yanzu ga shi a takarda, cikin gida biyar, da lamba a gefensa, kuma abin mamaki sai ya ji ya fi sauƙin ɗauka a haka.

"Makin da ta cire miki," in ji shi a ƙarshe, "zalunci ne. Zan yi mata magana."

Ya laluba aljihu ya ciro biro, ya ɗora takardar a gwiwarsa. Ya daɗe yana kallon farin shafin. Sannan, karo na farko, ya faɗa da bakinsa.

"Auta, ba na ganin layin."

Ta durƙusa kusa da shi, ta kama hannunsa, ta ɗora bakin biron a daidai wurin.

"Nan ne, Baba."

Ya sa hannu.